Lissafin da Wutsiyarsa Ta Faɗa Bayan Takarda

Ƙanwata Tabawa ce ta fara ba ni wannan labari, lokacin tana suyar ƙosai a ƙofar wata maɗaba'a. Ke da za ki kama aikin buga takardu, jikata, buɗe kunne.

Wani malamin lissafi ya kai tambayoyin jarrabawa a buga masa. Mai bugawar gwani ne, yatsunsa kamar ruwan sama a kan kwano, sai dai ba ya waiwaye. Ya zo kan wani lissafi mai tsawo wanda layi ɗaya bai ɗauke shi ba, ga takarda ta zo ƙarshe. Maimakon ya zaɓi wurin yankawa da kansa, sai ya bar wa na'ura. Ita kuwa na'ura ina ruwanta? Inda gefe ya tare ta, nan ta datse. Kan lissafi ya zauna a gaba tsaf kamar ya cika, wutsiyarsa mai cewa a cire bakwai ta faɗa bayan takarda. Ɗalibai suka amsa abin da ido ya gani. Aji guda, har da masu ƙoƙarin, kowa ya faɗi tambayar, iyaye suka fara cewa a canza malami.

Malam ya dawo, bai yi faɗa ba. Rake ya saya a bakin titi, ya miƙa wa mai bugawa ya ce ya karya. Mai bugawa ya kama tsakiya ya murɗa, rake ya tsattsage, ruwa ya ɓata masa riga. Malam ya karɓa ya karya a gaɓa, ƙas! Ya ce, “Lissafi ma da gaɓarsa. Ka bar alamar tarawa ko cirewa a bakin layi kamar hannun da aka miƙa, mai karatu zai san da saura. Abin da yake haɗe kuma, kar ka raba shi.” Aka sake bugawa, aka sake jarrabawa, malam ya tsira da aikinsa. Tabawa kuwa ta yi wata uku tana ƙunshe ƙosai da lalatattun takardun.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na gane. Washegarin jin labarin, da safe zan raba atamfa gida biyu, sai na shimfiɗa ta, na nemo inda fure ya ƙare, na ja layi da gutsuren sabulu kafin almakashi ya taɓa ta. Tun ran gini, tun ran zane.