Farin Yadin Iya Fanna

"Sauko min da akwatin nan," in ji Iya Fanna. Jikarta Zakiyya ta taka turmi ta sauko da shi.

A ciki akwai farin yadi, likkafanin da Iya ta sayo wa kanta a Makka shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Duk ƙauyen an san rigimar yadin nan. Kullum Sagiru, wan Zakiyya, ya dawo daga gona sai ya leƙa ɗakin kakarsa.

"Tsohuwa, kin ƙi mutuwa, yadi zai ruɓe a banza. Ba ni in ɗinka kaftanin Sallah."

"Mijin banza, ko ƙyalle ba za ka samu ba," take ce masa, ta jefe shi da mafici.

Yau kuwa da kanta ta warware yadin, ta aika a kira Malam Gwadabe tela. Ya zo ya durƙusa, bai ɗago kai ba.

"Sagiru za ka ɗinka wa. Dogo ne, kada ka yi masa ƙwauro."

"Iya, an riga an tafi Dutse sayo wani."

"A kira su su dawo. Shekara nawa yana roƙona?"

A bayan ɗaki maza sun fara ɗibar ruwan wankan gawa. Maciji ne ya sari Sagiru jiya a gonar gero, ya cika da asuba.

Iya ta miƙa yadin, ta jawo maficinta kusa.

"Yaron nan akwai naci," ta ce. "Sallah saura kwana tara, amma ya kasa jira."