Turke a Bayan Randa

Rabilu mai awon fili ba ya faɗawa gidan mutane da ka, ko da yake takardar hukuma da ke aljihunsa ta ba shi izini. Ba haka Inna Zuhura ta rene shi ba, can unguwar Belleville. Shi ya sa a gidan ƙarshe na layin da za a faɗaɗa a unguwar Williamsville ya tsaya bakin ƙofa, ya yi sallama, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, marigayi Muhsin.

Daga ciki wata murya ta ce ya shigo.

Yana sa ƙafa ya sunkuya, tun bai ga katakon da ya gitta saman ƙofar ba. Bai taɓa zuwa nan ba, amma ƙafafunsa sun san inda dakali ya fashe.

Mai gidan, wata dattijuwa Tabawa, tana zaune ta ba shi baya. Ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Ya yi bayanin aikinsa, ko waiwayowa ba ta yi ba. Sai ta kira maƙwabciyarta, ta ce a ba mutumin nan ruwa, a kuma roƙe shi abu guda: kada ya kafa turkensa a lungun da ke bayan randa.

Mutumin nan! A aikin nan an zage shi, an watsa masa ruwan wanke-wanke, amma wallahi ba a taɓa raina shi haka ba. Awon ya ba shi damar matsawa taku ɗaya don ɗakinta ya tsira. Zuciya ta ɗebe shi, ya ƙi. Ya janye randar ya hau dukan turke. Duk saukar guduma sai kafaɗun tsohuwar su girgiza.

Kafin katafila ta iso ta kwashe komatsanta. Maƙwabta ba su san inda ta nufa ba.

Tun daga nan Rabilu bai sake samun natsuwa ba. Cikin motar haya ta woro-woro, cikin hayaniyar kasuwar Adjamé, ko yana tsakar sallah, sai ya ji muryar nan tana ce masa ya shigo. Tsoro yake ji, bai kuma san na mene ne ba.

Da abin ya ishe shi ya kwashe duka ya gaya wa Inna Zuhura. Tana jin sunan Tabawa ta saki muciyar da ke hannunta, ta zauna a ƙasa. Ta tambaye shi ko da gaske a bayan randa ya buga. Ya ce e.

"Cibiyarka ce binne a wurin," in ji ta. "Ba raini ba ne, Rabilu. Wace uwa ka taɓa gani tana kallon ɗan farinta a ido?"