Zane na Huɗu

Sau uku ke nan. Manaja ta tsaya bakin taga tana kallon allon tallan da ke tsallaken titi. Duk kwamfutar da kamfaninsu ya zana, kafin su ƙera ko guda goma, sai irinta sak ta bayyana a allon kamfanin Dogo. Su fito daga baya, masu shaguna su ce kwaikwayo suka yi. A ƙasa, layi biyu cikin uku na masu haɗa kwamfuta sun tsaya cak. In aka yi na huɗu, sai dai a rufe ƙofa, mutum arba'in su koma gida.

Abin da ya fi ci mata rai, Dogon nan a hannun mahaifinta ya koyi aiki, shekara tara yana ci a kwanonsu. Ka yi wa mutum rana, ya yi maka dare.

Amma da ɗan gari akan ci gari. Mutum uku ne ke ganin sabon zane a ofis: babban injiniya, wanda take kira Kawu don ya ɗauke ta a kafaɗa tana ƙarama, sai ƙanenta mai sayo kayan haɗi, sai ƙawarta mai kula da talla. Ko wanne ta ɗora wa zargi, sai ta ji kunyar kanta.

Ta ɗana tarko. Sabuwar kwamfutarta ba ta da fanka sam, shiru take aiki ba zafi. Sai ta yi zanen ƙarya guda uku. Na Kawu ta sa fanka a hagu, na ƙanenta a dama, na ƙawarta a ƙasa. Kowa ta miƙa masa nasa da murmushi.

Na gaskiyar, na huɗu, ta kai wa Baba gida. Tun kafuwar kamfanin, ba zanen da ke sauka wurin ƙira sai ya duba ya sa hannu, kuma ritaya ba ta canza wannan ba. A da kafin shayinsa ya huce ya gama. Yanzu sai ya ce a ba shi mako guda. Tuƙi ma ya daina, wai direbobin zamani ba su da tarbiyya, tasi yake hawa. Ba ta taɓa ƙorafi ba, don gyaran da yake dawowa da shi har ya fi na da kaifi.

Kwana goma sha biyu tana tsallake gaisuwar Kawu, tana leƙen wayar ƙanenta. Takardar kora ta rubuta ta ajiye, gurbin suna kawai ta bari.

Rana ta sha uku da safe aka sauya allon. Ta karanta sau biyu. Sabuwar kwamfuta na nan tafe, babu fanka, babu ƙara.

Zane na huɗu ne, wanda Baba kaɗai ta kai wa. To ɓarawon har ɗakin Baba yake shiga. Ta fizgi takardar tallan daga hannun mai rabawa a bakin titi, ta nufi gida.

Ta same shi a kujerarsa kusa da taga. Tun kafin ta yi sallama ya ce, "Uwata ce, na ji takunki. Lafiya kike sauri haka?"

"Baba, wa ke shiga ɗakin nan? Dubi wannan."

Ya karɓi takardar, ya ɗaga ta, ya gyaɗa kai a hankali kamar yadda ya saba. Ga sunan kamfanin Dogo da manyan baƙaƙe ja, kuma a juye ya riƙe ta, ƙasa a sama.

"Madalla. Hannunki na ƙara faɗawa. Bar min shi zuwa mako."

Ta durƙusa a gabansa. Ta ɗaga yatsu ta kaɗa su dab da fuskarsa. Ko ƙiftawa bai yi ba.

"Baba," ta ce, "tun yaushe?"

Ya ajiye takardar a cinyarsa.

"Shekara biyu. Na ji tsoron in kun sani ku daina kawo min, in zama kujera a gidan nan."

"To wa ke duba maka zanen?"

Fuskarsa ta saki, har da ɗan alfahari.

"Kada ki damu, amintacce ne, bai taɓa gaya wa kowa na makance ba. Duk wanda kika kawo, tasi nake hawa in kai wa Dogo ofishinsa, ya karanta min layi-layi."