Ranar Da Lukuman Ya Canza Kod Ɗin Wifi

Lukuman saurayi ne mai hankali a Zongon Lome, amma da zarar ya zauna buga wasan ƙwallon nan na intanet, hankalin nasa sai ya tafi yawo. Shi kaɗai ya rage a gaban mahaifiyarsa, Hajiya Asiyatu, tun da yayarsa Kadidja ta yi aure a unguwar Djidjolé. Hajiya na fama da hawan jini, ɗakinta kuma yana can ƙuryar gida. Saboda ita Kadidja ta sa aka jawo wifi, ta koya mata danna ɗan madannin nan ta aika saƙon murya. Iyakar abin da Hajiya ta iya da waya ke nan, kuma tun daga lokacin ba wanda ya ƙara sa mata katin waya, da wifi kaɗai take aika saƙo.

Wata Asabar bayan azahar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. 'Yan haya duk suna kasuwa. Lukuman na ɗakinsa na zaure yana karawa da abokinsa Moumouni, wanda ke bugawa daga unguwar Adidogomé. Sai wasan ya fara masa iya shege. 'Yan wasansa su daskare a tsakiyar fili, kafin su farfaɗo ƙwallo ta kwana a ragarsa. Ya kashe akwatin wifi ya kunna, ya ɗora shi a kan taga, ya jawo kebul ya haɗa kai tsaye. Duk a banza.

Ya kira Moumouni yana huci. Moumouni ya yi dariya ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, ba ruwan sama ne ba. Rabin mutanen layinku sun san kod ɗinku, lambar sirrin wifi, su ke shanye maka rezo, ƙarfin intanet ɗin. Canza shi kowa ya sauka, in ka gama ka mayar."

Lukuman ya tuna da mahaifiyarsa, amma ya ce a ransa ai barcin rana take yi. Ya canza kod, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro. Wasa kuwa ya miƙe sumul, har la'asar ta wuce bai sani ba.

Da ya gama cin Moumouni ya ƙoshi, sai ya mayar da tsohon kod yana murmushi. Nan take wayarsa ta shiga kaɗawa ba tsayawa. Saƙonnin murya ne jere, duk daga mahaifiyarsa.

Ya danna na farko. "Lukuman, zo ka gani, kaina na sara mini."

Ya danna na biyu. "Ɗana, hannuna ya yi nauyi. Ina ta aiko maka, ba ka ji ne ba?"

A na uku maganar ta riga ta karye. Sunansa kawai ya iya ganewa a cikin ƙarar ruwa a kan kwano. Bai tsaya jin sauran ba. Ya ratsa tsakar gida a guje ba takalmi, yana kiran "Mma! Mma!" babu mai amsawa. Ya banka ƙofarta ya shiga.

Tana kwance a ƙasa tsakanin gado da ƙofa. Bakinta ya karkace, idanunta a buɗe suna bin sa, wayar na riƙe a hannun da ke motsi. Ya ɗago ta, ya ji rabin jikinta ya saki kamar jiƙaƙƙen zane. Ya kurma ihu har maƙwabcinsu Idrisu, direban tasi, ya shigo da gudu.

Hanyar Zongo ta cika da ruwa, mota na tafiya kamar ba ta so. Lukuman ya rungume kanta a cinyarsa yana ta salati, yana kai kunnensa hancinta ya ji ko tana numfashi. Bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A asibiti likita ya tambaye shi, "Tun yaushe abin ya fara?"

Ya ce, "Tun bayan azahar." Likita ya dube shi, ya girgiza kai ya ce irin wannan ciwo na shanyewar ɓarin jiki da gaggawa ake tarar sa, kuma lokacin ya wuce.

Can sai ga Kadidja ta shigo a jiƙe sharkaf, waya a hannu. "Ni ma ta aiko mini, Lukuman. Saƙonnin duk a tare suka shigo. Ruwan ne ya kashe wifi ɗin?"

Da a ce ya amsa da eh, da ba mai ƙaryata shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni na canza kod, Yaya. Wasa nake yi."

Kadidja ba ta zage shi ba. Ta zame a jikin bango ta zauna a ƙasa tana kuka.

Hajiya Asiyatu ta rayu, amma ba ta ƙara taka ƙasa da ƙafarta ba, ba ta kuma ƙara furta kalma ɗaya ba. Kullum da safe Lukuman ke ba ta koko da cokali. Takan dube shi leɓɓanta na motsi, shi kuma har yau bai san abin da take son gaya masa ba.

Ya kai mai karatu, kafin ka katse layin gida don jin daɗin wasanka, tambayi kanka wa ke dogara da shi. Wasa in ya tsinke ana sake shi, amma kiran mara lafiya in ya wuce ba ya dawowa.