Shekarar da Malama Ta Cire 'Yarta daga Aji

Malama Zaituna ita kaɗai ce mace a cikin malamai shida na wata firamare da ke wani ƙauye kusa da Ruwan Bago, a shekarar 1991. Mijinta ya rasu tana da cikin wata biyar, ya bar ta da 'ya ɗaya, Sauda, 'yar aji shida. Suna da ɗakin kwana, albashinta kuma yana ciyar da su. Abin da ba su da shi shi ne babbar mace a gida. Mahaifiyarta, Goggo, tana can Kurugu, ido ya tafi, ita ma riƙon ta ake yi.

Da ta haifi Lukumanu aka ba ta hutun wata uku. Ranar da hutun ya ƙare ta zo makaranta da shi a goye. Hedimasta, Malam Mijinyawa, ya tare ta a bakin ofis. Bayan sun gaisa ya yi mata barka da arziki, sannan ya sunkuyar da kai.

"Malama, ki yi haƙuri. Ba a shiga aji da goyo. In masu duba makarantu suka zo suka gani, ni za a kama."

"Ranka ya daɗe, ba shi da rigima. In ya sha nono sai barci. Ko a ɗakin ajiyar tsintsiya ne a bar ni in shimfiɗa masa zane."

"Ba a taɓa yi ba, kuma ba ni da takardar da ta ce a yi."

Sai ta riƙa barin sa wurin maƙwabciyarta Tani. Gidan da nisa, ba ta iya zuwa shayarwa ta dawo kafin a shiga aji. Yaro ya yi ta kuka, Tani kuwa don tausayi ta dama masa kunu da ruwan tafki. Kwana huɗu gudawa ta kama shi har maɗigarsa ta faɗa. Da ƙyar ya sha. Malamin asibiti a Rogo ya ce mata, "Nono kawai, in kina son ɗanki."

Ranar Asabar ta zaunar da Sauda. "Uwata, wata ɗaya kawai nake roƙo. Ki riƙe mini shi a gindin tsamiyar nan ta bayan filin makaranta. In an fita tara in zo in ba shi nono. Karatunki kuwa ni zan riƙa yi miki a gida."

Sauda ta ce, "To, Inna. Jarrabawar fa?"

"Kafin nan an sami mafita, in Allah ya so."

Sauda ce ta ɗaya a ajinsu tun daga aji uku, kuma a shekarar ne za su rubuta jarrabawar shiga sakandare. Ta ninke rigar makaranta ta ajiye. Kullum tana gindin tsamiya da ƙaninta a baya, tana jin amon 'yan ajinsu suna bita, tana bin su da leɓe.

Malama ta rubuta takardar koke, ta hau mota ta kai ofishin ilimi da kanta. Wanda ya karɓa ya yi dariya ya ce, "Malama, makaranta muka buɗe ko gidan raino?" Amsa ba ta zo ba. Wata ɗaya ya zama biyar. Karatun gida kuwa bai yi nisa ba, don uwa takan dawo a gajiye, ga girki ga wanki.

Mutanen gari suna gani. Dama don akwai malama mace ne da yawansu suka saki 'ya'yansu mata zuwa makaranta. Wata safiya Malam Audu ya zo ya kama hannun 'yarsa Jamilatu a bakin aji.

Malama ta bi shi da sauri. "Baban Jamilatu, lafiya?"

"Lafiya lau. Gyaɗa ta isa tsinka, uwarta na neman hannu."

"Don Allah ka bar ta. Yarinyar nan tana da kai."

Ya nuna tsamiya da haɓa. "Ita waccan ba ta da kai ne? Ke da kika san bokon ciki da bai kin cire taki, sai tawa ce za ta zauna?"

Ya ja 'yarsa suka tafi. Kafin ƙarshen kaka 'yan mata goma sha ɗaya sun daina zuwa.

Da aka zo tura sunayen masu jarrabawa, babu na Sauda. Hedimasta ya ce wanda ya yi zango guda ba ya aji, ba a sa shi. Ya faɗa yana mai ba da haƙuri, amma bai sa ba.

Ranar jarrabawa a-kori-kura ta zo kwasar ɗalibai zuwa Rogo. Yara goma sha tara ne, duka maza. Sauda na tsaye a gefen hanya tana jijjiga Lukumanu. Wani yaro da ta saba koya wa lissafi ya leƙo ya ce, "Sauda mai raino, me za mu sayo wa jariri?" Motar ta tashi suna dariya. Sauda ba ta ƙara komawa aji ba.

Jama'a, masu tsara dokokin aiki da mu da muke zaune muna kallo: duk wurin aikin da bai tanadar wa mai shayarwa inda za ta ajiye ɗanta ba, wata yarinya ce za ta ɗauki nauyin da karatunta. A ƙara wa uwa hutun haihuwa, a ware mata ɗaki da lokacin shayarwa, kuma a rubuta shi a doka don kada shugaba ya ji tsoron yin alheri.

Sauda ba ta yi fushi da uwarta ba. Ta gane cewa kujera ɗaya ce aka bar wa matan gidansu a makaranta, ko ta uwarta ko tata, kuma da ita ta zauna a kai da ba a ci abinci ba.