Azumin Issoufou

A benen nan namu na titin Grand Concourse, a unguwar Bronx, akwai hannun da ya kashe mutum, kuma har yau ana cin tuwo da shi, ana miƙa shi a gaisa. Ban ce da gangan ba. Na dai ce ya kashe.

Daga hutu abin ya faro. Issoufou, mutumin Maraɗi mai sayar da huluna da jakunkuna a bakin titi, bai san wani abu wai shi bakans, yawon hutu, ba. Matarsa Safiatou ce ta matsa. Ta gaji da jin abokan aikinta suna labarin inda suka je suka dawo. Ita ta zaɓi Kebek, can Kanada, inda ake Faransanci, ba mai raina musu harshe. Ita ta yi hayar mota da sabon permi nata na tuƙi, ita ta yi dambun nama na guzuri.

Suka bi gaɓar ruwa, ruwan na ƙara faɗi har ɗaya gaɓar ta ɓace. Sun ga fararen tsuntsaye sun rufe dutse ruf. Sun ga wasu dabbobin ruwa masu gashin baki kwance a rana kamar buhunan gero. Sannan suka ga balen, kifin nan da ya fi bas girma. Ba girmansa ne ya kama Issoufou ba, numfashinsa ne: fuuu, kamar tsoho ya sauke kaya. Daga ranar idonsa bai bar teku ba, waya a hannu, yana jiran wani ya ɓullo.

Dabba ɗaya ta rage musu, orinyal, mai tsayin raƙumi da ƙaho kamar rassan itace. Aka ce da sassafe yake fitowa bakin hanya. Suna idar da asuba suka tashi. Hazon teku ya sauko, ba ka ganin abin da ke gaban mota.

Wani abu dogo, baƙi, ya shigo daga gefe. Gum! Motar ta girgiza ta tsaya.

"Kar ki fito," in ji Issoufou. "Dabba in ta ji ciwo ba ta da hankali."

Ya fita, hazo ya haɗiye shi. Ya daɗe. Ya dawo ba jaket a jikinsa.

"Orinyal ne. Ya tashi ya shige daji."

"Jaket ɗinka fa?"

"Na goge gaban mota da ita. Gida za mu."

Daga nan har Bronx shi ya ja motar, bai ƙara kallon ruwa ba. Safiatou kuwa ta samu labarin bayarwa. Duk wadda ta shigo sai ta ji yadda suka yi karo da orinyal Allah ya kiyaye, a yi ta dariya. Issoufou kan tashi ya shige ɗaki.

Sai ya fara azumi. Ba Litinin da Alhamis ba, kullum. Yana tsaye a titi cikin sanyi, baki a bushe, wuya ya zama kamar sanda. In bututun ɗumama ɗaki ya yi tsaki ya feso iska, fuuu, sai ya miƙe zumbur yana salati. Ya daina tsallaka titi sai ya ga wani ya fara.

Maƙwabciyarsu Iyatu, wadda ba a taɓa rufe ƙofa ta rasa abin da ke bayanta ba, ita ta warware wa Safiatou.

"Ke yarinya ce? Namiji ya jera azumin wata biyu, ai kaffara ce. Ko ya kashe rai bisa kuskure, ko ya kusanci mace da rana tsaka a Ramadan."

"Issoufou? Ko kaza sai ya kai a yanka masa."

"To, ke kika faɗa."

Safiatou ta zauna ta tuna Ramadan da ya wuce, ta san dai ba ita ba ce. Da la'asar ta tare shi a ƙofa.

"Wace ce? Mai sayar da turaren nan ce ta kusa da teburinka? Ka faɗa min, Maigida, ko wallahi na kwashe kayana."

Ya raɓa ta ya shige ɗaki. Ya gwammace ta ɗauke shi mazinaci. Ta ko fara haɗa akwati.

Kashegari ya yanke jiki ya faɗi a bakin teburinsa, 'yan kasuwa suka kawo shi gida. Malam Alkasim, limamin masallacinsu, ya zo dubiya, ya shiga ɗaki ya turo ƙofa, amma ba ta rufu ba. Safiatou ta taho da kofin ruwa, ta ji muryar mijinta kamar daga rijiya.

"Tsoho ne, Malam, da sandarsa. Numfashi ɗaya ya ja a hannuna. Na rufa masa jaket na gudu."

"Gudun nan naka ne, ka tuba, ka nemi iyalinsa," in ji Malam. "Amma azumin, tun farko na gaya maka, ba a ɗaukar wa mai rai. Ko ka mutu kana yi, bai sauka daga wuyan mai shi ba. Wanda ke riƙe da sitiyari shi zai yi."

Kofin ya suɓuce, ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shiga ɗakin.

Kai da ka gama yanke wa Issoufou hukunci tun cikin hazo, musa min in ka isa: ko sau ɗaya ba ka tambayi wa ke tuƙi safiyar nan ba, alhali Safiatou ce.