Ɗorin Sajan

Ni da na tsaya a aji huɗu, na taɓa raka majinyaci wurin babban likita. Majinyacin ɗan karena ne, Sajan, zamanin muna Gongola. Haka kawai ya fara ɗingishi da ƙafar gaba, babu ƙaya babu ciwo. Babana ya ce gurgun kare ba ya korar biri a gona, ranar kasuwa zai rabu da shi.

Na sungume shi sai Wuro Patuji, gidan Baba Hammadu maɗori. Na tarar ya gama alwalar la'asar. Ya dubi karen, ya dubi hawayena.

"Kai ɗan nan, za ka sa ni wanki bakwai."

Ya lallatsa ƙafar tun daga kafaɗa, bai sami komai ba. Duk da haka ya fasa karan dawa ya ɗaure ta tam.

"Gaya wa babanka majinyacina ne. Ba mai taɓa shi sai na sallame shi."

Shekara tara Sajan ya yi a gidanmu yana ɗingishinsa. Baba Hammadu ya rasu bai sallame shi ba. Har yau in na zo ƙofar gidansa, sai in rage tafiya.